Tazarar da Mis Ottilie Ta Bari

Ranar Talatar da Mista Lionel Harcombe ya ce zai zo, Dorcas Gittins ta goge teburin kicin har sau biyu, ta kuma kafa wa mijinta Enoch doka cewa kada ya kuskura ya shigo mata da takalman gona. Ba tsoron baƙon take ji ba. Mutumin da ta sani tun yana jan majina, ana kawo shi hutu gidan kakansa limamin coci, yana laɓaɓowa kicin satar zabibi, me zai ba ta tsoro? Abin da ya sa take wannan gyare-gyare shi ne maganar Mis Ottilie ce za ta kawo shi, kuma duk abin da ya shafi Mis Ottilie, Dorcas ba ta yi masa riƙon sakainar kashi.

Ottilie Harcombe marubuciya ce. Littattafan labari goma sha ɗaya ta bari a duniya, dukansu a kan ƙauyen nan na Hollinsford, ko da yake ta sauya masa suna. Shekara uku ke nan da rasuwarta a Landan. Mutanen Landan, waɗanda ba su bambance tunkiya da akuya sai an rubuta musu a ƙasan hoto, sun yi ta yabonta cewa babu wanda ya iya saka maganar mutanen karkara a takarda kamar ita. Dorcas ta shiga gidan limamin tana da shekara goma sha uku, aikin wanke-wanke, lokacin Ottilie na da goma sha biyar. 'Yar gida da 'yar aiki ne, amma jininsu ya haɗu tun satin farko. Ottilie ta koya mata rubutu a bayan tsofaffin takardun wa'azin babanta, ita kuma Dorcas ta koya wa Ottilie abin da matan ƙauye ke faɗa idan maza sun fita daga ɗaki.

Da Ottilie ta koma Landan, sai wasiƙa ta maye gurbin hira. Duk sati biyu sai ɗaya ta zo, har shekara talatin da tara. Dorcas kuwa ba ta taɓa ɓata sabuwar takarda wajen ba da amsa ba. Yadda uwarta ke yi tun zamanin da gidan waya ke ƙirga fallen takarda, haka ita ma take yi: ta karanta wasiƙar, ta juya fallen a gicciye, ta rubuta amsarta da fensir a kan layukan Ottilie, rubutu ya ratsa rubutu kamar saƙar kwando, sannan ta mayar mata da abinta. Shi ya sa duk wasiƙun suka taru can Landan cikin akwatin hula, har Lionel ya gaje su tare da sauran komatsan goggonsa. Yanzu zai buga su littafi. Guda ɗaya tak ta rage a hannun Dorcas, ta ƙarshe, kuma ita ya zo nema.

Enoch ya zauna bakin murhu da safa kawai a ƙafarsa, yana kallon yadda take jera kofunan da ba a fito da su sai ranar Kirsimeti.

"Za a saka ki a littafi, tsohuwa," ya ce. "Daga gobe sai mun nemi izini kafin mu gaishe ki."

Ta ce masa ai shi ko a yau ma da ya nemi izinin da bai yi laifi ba, kuma ya janye hannunsa daga kan kek ɗin nan kafin ta janye masa.

Lionel ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a motar haya daga tashar Ludlow. Ya zama dogon mutum mai sanƙo da tabarau, riƙe da jakar fata. Ladabi kam yana da shi, irin ladabin nan da ake yi wa mutum daga sama. Ya yaba shayin, ya yaba cukun, ya yaba furannin bakin taga, har ya yaba Enoch, wanda ba wanda ya taɓa yabawa tun ranar aurensu. Ya ce ya zo da wasiƙun duka a jakarsa, domin akwai sunayen mutane da yake so Misis Gittins ta faɗa masa ko su wane ne. Sannan ya zaro wasu dogayen takardu, shafukan gwaji da maɗaba'a ta aiko masa, ya ce yana da abin da zai faranta mata rai. Sunanta ya fito a littafin.

Ya gyara tabarau ya karanta ɗan bayanin da ya sa a ƙasan shafin farko: "Dorcas Gittins, tsohuwar 'yar aikin gidan, wadda Mis Harcombe ta ci gaba da rubuta wa wasiƙa tsawon rayuwarta saboda kirki da tausayi."

Dorcas ta ajiye butar shayi a hankali.

Bai lura ba, ya wuce zuwa gabatarwar da ya rubuta, wadda ga alama yake ji da ita ƙwarai. A ciki ya bayyana wani abu da ya gano da kansa. Goggonsa idan tana rubuta wa manyan mutane, layukanta a matse suke, rubutun ƙanana. Amma a wasiƙun Dorcas kaɗai take barin tazara mai faɗi tsakanin layi da layi. Me ya sa? Ya ɗaga yatsa. Don baiwar Allah nan da iliminta bai yi nisa ba ta iya bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ruɗe ba. Ya ce a wannan 'yar tazara kaɗai ana iya ganin girman zuciyar marigayiya.

Enoch ya yi tari, ya dubi silin.

Dorcas ta ji fuskarta ta ɗauki zafi har kunne. Da a kasuwa wani ya faɗa mata haka, da ta wanke shi tas, gobe an manta. Amma wannan littafi ne. Zai zauna a kan kantar littattafai a gidajen mutane bayan ita da Enoch da Lionel sun zama ƙasa, jikokinta za su buɗe su ga kakarsu: wata abar tausayi da ake rubuta wa manyan baƙaƙe don kada ta ruɗe. Shekara talatin da tara na aminci, ga abin da za a bar wa duniya a kansu.

Ta tambaye shi, cikin murya mai sanyi, ko ya karanta rubutun fensir ɗin da ya ratsa wasiƙun.

Ya yi murmushi. Ya ce ya gwada sau ɗaya, kansa ya yi ciwo. Wannan al'ada ta tsofaffi ta kashe idon mutane da yawa. Matar da ke buga masa tafireta ta kwafi na tawada kawai, ai shi ne na goggo. Na fensir kuwa, yana kyautata zaton labarin kaji ne da ruwan sama, ko ba haka ba?

"Akwai kaji a ciki," in ji Dorcas. "Wannan gaskiya ne."

Daga nan ya kawo maganar wasiƙar ƙarshe. Ta ce masa ba za ta bayar ba. Ya yi zaton bai ji daidai ba, ya sake tambaya, ta sake faɗa masa. Ya ce littafin ba zai cika ba sai da ita. Ta ce to sai ya fito a haka. Ba ta yi masa bayani ba, kuma ba ta da niyyar yi. Dorcas Gittins ba ta taɓa roƙon kowa ya ga darajarta ba, ba kuwa a kan ɓarawon zabibi za ta fara ba. Idan yana so ya buga ƙarya, ya buga, amma ba da hannunta ba.

Sai Lionel ya yi abin da masu ilimi ke yi idan magana ta ƙi su: ya ciro littafi. Daga aljihun kwat ɗinsa ya zaro littafin goggonsa na huɗu, wanda ya fi sauran suna, labarin wata mata Keziah. Ya ce wataƙila Misis Gittins ba ta san irin matar da ta yi wa hidima ba. Bari ya karanta mata wurin da ya sa malamai suka ce Ottilie Harcombe ba ta da na biyu. Wurin da 'yar Keziah ta mutu ne, limamin coci ya zo ta'aziyya yana ce mata yarinyar ta tafi inda ya fi nan.

Ya karanta da muryar wa'azi: "Na sani, yallaɓai. Amma na fara saƙa mata safar hunturu, ƙafa ɗaya na gama. Ka tambayar mini, wa zai saƙa mata ɗayar a can?"

Ya rufe littafin a hankali, don maganar ta ratsa ɗakin.

"In kuwa babu mai saƙa mata," in ji Dorcas, idonta a kan tebur, "to an yi gaggawar ɗaukarta, kuma ni zuciyata ba ta yarda ba tukuna."

Lionel ya sake buɗe shafin, ya bi shi da yatsa. Ya ce wannan ba ya cikin littafin.

"Ba ya ciki. Mis Ottilie ta sa, masu maɗaba'a suka ce ya yi nauyi a bakin mace, aka cire. Ka ce wasiƙun na jakarka. Nemo ta watan Maris, shekarar tamanin da tara."

Enoch ya miƙe, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya ce bari ya je ya duba alade. Alade kuwa an duba shi tun da safe.

Lionel ya daɗe yana laluben ɗaurin wasiƙun kafin ya samo ta. Takardar ta yi launin shayi don tsufa. Ya fara karanta tawadar goggonsa. Ta'aziyya ce, gajera: ta ji labarin Tabitha ɗiyar Dorcas, 'yar shekara huɗu, wadda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana uku. Ba ta da kalmar da za ta faɗa. A ƙasa ta rubuta cewa Dorcas ta amayar da duk abin da ke ranta, ko mai daɗi ko marar daɗi, ta bar mata wuri kamar kullum.

"Yanzu juya ta," in ji Dorcas. "A'a, ba baya ba. A gicciye. Matsa kusa da taga, ka kwantar da ita daidai idonka. Kada ka kalli tawadar. Idonka zai so ya bi ta don ita ce baƙa. Ƙyale ta, ka bi mai dishi-dishin."

Ya yi yadda ta ce, yana ƙifta ido. Da farko bai ga komai ba sai ƙaya-ƙaya. Can sai layukan fensir suka taso masa, manyan baƙaƙe a miƙe, suna bin faɗin da tawadar ta bar musu. Leɓensa ya fara motsi. Ya karanta labarin zuwan limamin, kakansa ke nan, da abin da aka ce masa a wannan kicin ɗin, kusa da wannan murhun. Safar hunturu, ƙafa ɗaya. Har da jimlar da ba ta cikin littafi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Dorcas ta ce masa ya duba wasiƙar da ta zo bayan shekara ɗaya, wadda a ciki Mis Ottilie ta nemi izinin saka maganar a bakin Keziah. Ya samo ta, ya juya da kansa wannan karon. Amsar layi biyu ce: "Ɗauki. Gara ta zauna a littafi da ta zauna a ƙirjina ita kaɗai."

Motar haya ta dawo ƙarfe ɗaya kamar yadda aka yi, aka sallame ta. Jirgin ƙarfe biyu ya tafi Landan ba Lionel. Ya tuɓe kwat, ya zauna bakin taga yana juya wasiƙu ɗaya bayan ɗaya, shayi na hucewa a gefensa. Ashe rabin wasiƙun goggonsa tambayoyi ne, shi kuma bai taɓa damuwa da inda amsoshin suka shiga ba. Yaya tsohon makiyayi zai zagi ɗansa ba tare da ya ambaci sunan Allah ba? Me uwar miji ke faɗa idan ta ɗanɗani miyar amarya? Idan mutum yana son mace shekara ashirin bai faɗa ba, ranar da zai faɗa, da wace kalma zai fara? Ga amsoshin nan a gicciye, da kajin da ruwan saman da komai. Wani wuri ya yi dariya har ya ƙware. Wani wuri ya ɗago ya dubi Enoch, wanda ya dawo daga wurin alade, da wani sabon ido, domin ya gano daga bakin wa aka ɗauko neman auren da ke littafi na shida.

Enoch ya ce shi dai bai san za a buga ba, da ya gyara maganar.

Dorcas tana ta aikinta, tana fere dankali. Amma duk lokacin da ta ji Lionel ya ja numfashi, sai ta ji wuyanta ya ƙara miƙewa. Daɗi take ji, kuma ba ta ga dalilin ɓoye wa kanta ba.

Wajen la'asar ya ajiye takardun. Fuskarsa ta sauya, dariyar ta tafi.

"Misis Gittins," ya ce, "in na buga wannan, za su ce goggona satar magana ta yi. Akwai masu jiran irin wannan a Landan."

Dorcas ta ajiye wuƙa. Duk abin da ya faɗa tun safe bai ɓata mata rai kamar wannan ba.

"Sata? Mista Lionel, kai dai ba ka taɓa yin cuku ba. Madara kowa na da ita a ƙauyen nan, har Misis Bebb ta gidan waya. Madara na ba ta. Ita ta yi shekara biyu tana juya littafin nan, tana tashi da ciwon kai. Ni na san abin da Keziah za ta faɗa, amma ban san inda za a ajiye shi ba har ya sa baƙo kuka a cikin jirgin ƙasa. Ita ta sani. Duk wanda ya ce ta yi sata, ka turo mini shi nan." Ta ɗauki wuƙar, ta sake ajiyewa. "Ban ce ka rage mata komai ba. Ban ce ka ƙara mini komai ba. Ni dai kada ka rubuta cewa tausayina take ji. Ba ta taɓa jin tausayina ba, ko ranar da na binne 'yata. Tare muka yi kuka."

Ta hau sama, suka ji takunta a kan katako, ta sauko da gwangwanin biskit. A ciki akwai safa guda ɗaya, ƙarama, ja, da ambulan. Safar ta mayar ba tare da ta yi bayani ba. Ambulan ta miƙa masa, ta ce ya kwafa nan a kan tebur, amma takardar ba za ta bar gidan nan ba.

Rubutun Ottilie ne, yana rawa, tazarar ta fi ta kullum faɗi. Ta ce likita ya hana ta hawa bene. Ta ce tana rubuta babin ƙarshe na wani littafi, kuma ta maƙale. "Me tsohuwa ke faɗa, Dorcas, idan ta san tafiya ta zo? Ke za ki sani. Na bar miki wuri."

Lionel ya juya takardar a gicciye, ya kai ta taga. Babu fensir ko ɗigo.

Dorcas ta faɗa masa yadda aka yi. Da ta karanta, ta gane babu wani babin ƙarshe, a kan mutuwarta Mis Ottilie ke tambaya. A karo na farko cikin shekara talatin da tara sai ta rasa abin faɗa. Ta ce gobe, ta ce jibi. Rana ta biyar wayar tangarahu ta zo daga Landan da labarin rasuwarta.

Ya kwafi wasiƙar a tsanake. Da zai tafi bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce an riga an jera littafin a maɗaba'a, masu shi ba za su so a wargaza ba, kuma kwafar fensir ɗin kaɗai aikin watanni ne, ga shi babu mai iya karanta shi sai shi, shi ma yau ya koya. Zai dai gwada. A bakin ƙofa ya cire hula ya riƙe a hannu har ya kai bakin hanya, abin da bai yi ba da safe.

Hunturu ya zo ya wuce, shiru. Littafin da aka ce zai fito kafin Kirsimeti bai fito ba. Duk ranar da Dorcas ta shiga gidan waya sai Misis Bebb ta tambaye ta, da murmushin nan nata mai kama da tsami, ko har yanzu ba a gama buga ta ba. Dorcas takan ce abu mai kyau ba a yi masa gaggawa, ta sayi kan sarkinta ta fita. Amma a ranta tana tsoro. Ta san mutanen Landan. Abu ne mai sauƙi su lallashe shi ya bar littafin yadda yake, ya cire kalmar tausayi kawai ya sa wata mai kama da ita.

A watan Mayu, wata safiyar Alhamis, ƙunshin ya iso. Misis Bebb da kanta ta kawo, wai hanya ce ta biyo da ita, ta kuma tsaya a bakin ƙofa tana jiran a buɗe. Dorcas ta gode mata, ta rufe ƙofa.

Littafin ya ninka yadda aka zata kauri. A bango sunan Ottilie Harcombe ne kaɗai, kuma Dorcas ta ga haka ya dace. Ta tura wa Enoch ta ce ya buɗe shafin farko ya karanta abin da ke ƙasa. Enoch ya nemo tabarau, ya ɓata lokaci da gangan wajen gogewa, sannan ya karanta yana bin kalmomin da babban yatsa:

"Misis Dorcas Gittins ta Hollinsford, aminiyarta, wadda take bar wa wuri a kowane shafi."

Ya buɗe gaba. Kowace wasiƙa, a ƙasanta ga amsar Dorcas, baƙaƙe iri ɗaya da na Mis Ottilie, ba a ƙanƙanta su ba. Kajin ma suna nan. A gabatarwa Lionel ya bar tsohuwar maganarsa ta tazara yadda take, sannan ya rubuta a ƙasa cewa haka ya zata, kuma ya yi kuskure, ya faɗi a kicin ɗin wa aka gyara masa. A tsakiyar littafin akwai hoton wasiƙar watan Maris, da ɗan rubutu cewa mai karatu ya juya littafin a gicciye, kada ya kalli tawadar.

"To, tsohuwa," in ji Enoch, "a ba mu izini mu gaishe ki?"

Ta ce an ba shi, amma sau ɗaya a rana.

Ta karɓi littafin ta zauna bakin taga. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a miƙe kamar a coci, tana juya shafuka, tana ganin maganarta da ta aminiyarta a jere, baƙi a kan fari, inda jikokinta da jikokin Misis Bebb za su same su. A ranta ta ce, Dorcas 'yar wanke-wanke, ga ki nan. Ta ji girman abin, ta kuma bar kanta ta ji shi sosai, domin ta san ba kyauta aka yi mata ba.

Sai ta kai shafin ƙarshe. Wasiƙar nan ce da ya kwafa a kan teburinta. A ƙasanta fili ne fari, da layi ɗaya cikin ƙananan baƙaƙe: "Wannan ba a amsa ta ba."

Ta daɗe tana kallon layin. Gaskiya ya rubuta, amma gaskiyar ba ta yi mata daɗi ba. Ita da ba ta taɓa kwana da kwanon da ba a wanke ba, a ce a gaban duniya ta bar wasiƙar Mis Ottilie ba amsa?

Ta hau sama ta sauko da gwangwanin biskit. Ta share gefen tebur da tafin hannu, ta fiƙe fensir da wuƙar dankali. Enoch ya dube ta, ya dubi ambulan, ya ce bari ya je ya duba alade.

Ta shimfiɗa takardar, ta juya ta a gicciye. Wurin yana nan yadda aka bar mata shi, da faɗinsa. Ta lashi bakin fensir, ta rubuta da manyan baƙaƙenta a miƙe:

"Ki yi haƙuri da jinkiri, Mis Ottilie, sai yau na sani. Cewa take: aikin dai an yi shi, kuma mu biyu muka yi."